Foliyol ko jiƙo: wace hanya ta fi fitar da ƙananan ƙwayoyin platinam?

Ƙanena, ka ce ka fara aikin digiri na biyu a Dahran ta Saudiyya kan batirin haidirojin, wanda platinam ke hanzarta aikinsa, kana tambaya ko hanyar foliyol za ka bi ko ta jiƙo, don kana son ƙwayoyin platinam su fito ƙanana iyakar ƙanƙanta.

Jiƙo ba shi da wuyar bayani. Ka jiƙa garin kabon, irin Vulcan XC-72, da ruwan gishirin platinam, ka busar, ka bi shi da iskar haidirojin mai zafi, ko kuma ka zuba sinadarin sodiyam borohaidiraid tun yana cikin ruwa, don gishirin ya zama ƙarfe. Ba tsada, kuma ana yin da yawa a tashi ɗaya. Matsalarsa, in ka ɗora platinam mai yawa, sai ƙwayoyin su fito wasu manya wasu ƙanana, wasu a dunƙule. Shi borohaidiraid ɗin ma mayen danshi ne. Da laimar gabashin Saudiyya a watan Agusta, ka bar kwalbarsa a buɗe ya lalace.

A foliyol kuwa, etilin gilaikol ne ke aiki biyu, shi ne ruwan narkarwa, shi ne kuma ke sa gishirin ya zama ƙarfe, a zafin digiri 140 zuwa 160 na Salshiyas. Gilaikol ɗin nan ne ake yi jibgi a garuruwan Jubail da Yanbu. Sirrin yana cikin sodar nan ta sabulu, NaOH. Yayin dahuwa wani sinadari, gilaikolet, na fitowa daga gilaikol ɗin ya lulluɓe ƙwayoyin, ya hana su haɗewa. Ka ƙara soda su ƙanƙance, ka rage su girma. Linzamin girma ke nan a hannunka, ba sai ka sa PVP ba, sinadarin da ake sawa don hana ƙwayoyi haɗewa, wanda in ya manne, raba shi da platinam sai an sha wuya. Amma wanki wajibi ne, har da kuloraid ɗin da ya zo da gishirin, domin yana toshe wuraren aiki a jikin platinam ɗin.

Ni dai foliyol zan ba ka, tunda bincike kake ba sayarwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne burin nan na ƙanƙanta. Gaskiya ne giram ɗaya na ƙwayoyi masu faɗin nanomita 3 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) yana ba da filin aiki a jikinsu kusan murabba'in mita 93, masu nanomita 2 kuma 140. Sai dai ƙasa da nanomita 2 gefuna da kusurwoyi ke yawaita, su riƙe oksijin su ƙi saki, aikin kowane giram ya fara sauka. Su ne kuma ke fara narkewa a asid ɗin cikin batirin, su koma jikin manya. Don Allah ka dafa kashi uku da soda daban-daban, ka ɗauki hoton ƙwayoyin da TEM, na'urar nan ta ganin ƙananan abubuwa, ka auna fili kafin gwajin juriya da bayansa, sannan ka kai wa malaminka.