Shekara huɗu ina hawan a-kori-kura 504 kullum: ranar jeren 'yar yayata ce ta hana ni sayar da ita

A ƙarshen 2021 na sayi wannan a-kori-kura a hannun wani dattijo da ya daɗe yana jigilar tumatir da albasa da ita, har idonsa ya fara gazawa 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Peugeot 504 ce mai shan fetur, ƙirar 1986 in ji takardunta. A da fara ce, yanzu kuwa launin kunun kanwa gare ta. Ba ni da wata motar sai ita. Da ita nake tashi daga Samaru zuwa makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, da ita nake ɗauko abincin kaji, da ita nake kai ƙwai kasuwa. Masu tambayata ko su ma su nemi irinta su riƙa hawa kullum sun yi yawa, shi ya sa na ce bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Zan fara da abin da ya faru a watan Agustan 2024, don duk sanda na yi niyyar rabuwa da motar nan, ranar ce take dawo min.

Aka sa bikin 'yar yayata a tsakiyar damina, gidan mijin kuma wani ƙauye ne gaba da Soba, inda sai ka sauka daga kwalta ka yi tafiya mai ɗan nisa a jar ƙasa. Ba a ma yi shawara da ni ba wajen ɗora min kai kayan ɗaki. Mai a-kori-kura a dangi ba a tambayarsa, sanar da shi ake yi. Muka loda gado da katifa da kujeru da sif da kwalayen kwanuka, muka rufe da tamfol muka ɗaure. Gwaggo ta zauna gaba tare da wata ƙanwarmu. Sauran matan jere suka shiga motar Alhaji, mijin yayata, wata 'yar Kwatano mai otomatik da sanyin ciki kamar firji. Kafin mu tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ka yi gaba mu bi ka a baya, don in gwangwanin nan ya tsaya mu samu mu kwashe Gwaggo." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na riƙe maganar.

Daga Zariya har Maigana har Soba lafiya lau. Motar nan in ta ji kaya a bayanta zama take daram a titi, sifirinta ya lafa, duk tsalle-tsallen da take yi in ba komai a baya ya ɓace. Muna sauka jar ƙasa muka tarar an sha ruwa da asuba. Can gaba akwai wani kwari da ba gada, sai daɓen siminti da ruwa ke bi ta kai. Ranar ya kawo har gwiwar babban mutum, 'yan acaɓa suna ta ɗaukar baburansu a hannu ana haurar da su. Hankali ya ce a jira ya janye. Gwaggo ta ce azahar ta gabato, dangin miji suna can suna jiranmu. Na sa giya ɗaya, na yi bismillah, na shiga.

Ta yi ƙoƙari, wallahi. Tayoyin gaba sun fara taɓa gangaren tsallake sai na ji ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Laifina ne, fanka ce ta ɗebi ruwa ta watsa wa inji. Direbobin da suka san hanya sukan sassauta fambel kafin su shiga irin wannan ruwa, ni kuwa ban yi ba. Samarin ƙauyen suka taru suka turo mu kan tudu. Ina cikin murɗa makulli, batir yana ta raguwa, sai na ji ihu a baya. Alhaji ne ya ga na maƙale, ya yanke cewa rashin gudu ne ya ja min, ya taho da ƙarfinsa. Ruwa ya hau bonet, motar ta mutu a tsakiyar kwarin cif. Mata suka fito da leshi da atamfa suna tattare zani suna salati.

Wani yaro ya ce bari ya kira Baba mai gyaran injin niƙa. Raina bai kwanta ba, don me ya haɗa injin niƙa da mota? Can sai ga wani tsoho a kan keke, da 'yar jakar buhu a rataye. Ya yi sallama, ya zagaya motata sau ɗaya yana shafa ta kamar mai taya doki, ya ce, "Fijo ce? Ai ba mutuwa ta yi ba, Malam, suma ta yi." Ashe a ƙuruciyarsa yaron mota ne a wata 404 da ke bin hanyar Jos.

Abin da ya yi ban taɓa mantawa ba. Ya ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da murfin distirbuta, ya nuna min raɓar ruwa a ciki, ya goge da tsumma da ya ɗan jiƙa da fetur. Ya karɓi kwalin ashana a wurin wani mai shan taba, ya kankare bakin kontak da gefen da ake ƙyastawa, sannan ya yage kwalin ya gwada tazarar da shi. Duk wanda ya san injin 504 ya san a kishingiɗe yake, fulogoginsa kuma suna can cikin ramuka masu zurfi, sai da doguwar sifana ake kai musu. Ruwa ya taru a biyu daga ciki. Baba ya zare wayoyin, ya ciro famfon kekensa, ya hura ramukan ɗaya bayan ɗaya har suka bushe. Ya buɗe gidan iska ya sa hannu, ya ce alhamdulillahi ba ta haɗiya ba. Sai ya ce in sa giya biyu in taka kuloci, samari su tura. Ba mu yi taku ashirin ba na saki ƙafa, ta yi gurnani ta kama, salansa na tofar da ruwa. Duka-duka aikin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba.

Alhaji ya matso da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, a duba min tawa mana." Tsohon ya leƙa daga bakin ruwa ya girgiza kai. "Alhaji, wannan ta 'yan kwamfuta ce. In na taɓa na ƙara ɓata maka. Amma don Allah ka daina murɗa makullin nan." Ya riga ya murɗa ya fi sau goma. Aka aro sarƙar garmar shanu, aka ɗaura a bayan gwangwanin nan nawa, da kayan amarya a kanta da komai, ta jawo motarsa daga cikin ruwa har gindin wata bishiyar ɗorawa. Nauyin kayan ne ma ya taimaka, don da baya take ja, in ba kaya a kanta laka kaɗan sai ta tsaya tana wulwula taya. Motar Alhaji sai da aka ɗauko ta a kan wata motar zuwa Kaduna, ta yi sama da wata guda a gareji: ruwa ya shiga inji ya lanƙwasa ƙarfen fistin, na'urar da ke sarrafa ta kuma ta jiƙe. Ni da na tambayi Baba kuɗin aikinsa cewa ya yi in ba shi na goro.

Ban ce wa Alhaji komai ba. Har yau ban ce ba. Gaisuwa kawai nake ɗan ja in mun haɗu.

To, da a nan zan tsaya da na ce kowa ya je ya nemi tasa. Amma ina rubuta wannan sai ga sauran abin da ya faru a ranar yana dawo min, kuma raina ya fara ɓaci. Ƙasan motar ta gefen fasinja tsatsa ta cinye shi, akwai rami da na rufe da kwali da tabarmar roba. Ta nan ruwa ya ɓullo ya jiƙa Gwaggo har ƙugu, leshinta na biki ya koma ja. Har yanzu in an zauna a gidanmu ba ta ba da labarin yadda motata ta ceci jere, labarin leshinta take bayarwa. Da daddare kuma muna dawowa, fitilunta kamar aci-balbal, waifa tana shafa gilashi tana barin rabi, robar gilashin gaba tana ɗigo min a cinya. Daga Soba zuwa Zariya da addu'a na zo.

Sati biyu bayan nan kuloci ya fara zamewa, na san jan motar Alhaji ne. Asabar uku na yi a gareji. Kuma ga inda mutane ke yaudarar kansu: ana cewa kayan Fijo ko a shagon mai shayi ka tambaya za ka samu. Da gaskiya a ciki, tunda tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, 504 kuma an ci gaba da yin ta a nan har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Gaban a-kori-kurar da na salun da wagon kusan duk ɗaya ne, ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ba za ka fito hannu rabbana ba. Sai dai samu daban, samun na kirki daban. Kontak da kwandensa sababbi a kwali na saya a wani shago, ba su yi wata biyu ba suka ƙone. Yanzu tsofaffin da aka ciro daga matattun motoci nake nema, sun fi sababbin amana. Bakanikan da suka iya saita kafireta da kunne kuma tsufa suke yi. Wani yaro da na kai wa sau ɗaya, don maigidansa ya tafi jana'iza, ya kwance ta ya mayar ya bar min sukurori biyu a hannu, wai ƙari ne.

Sai mai. Lokacin da na saye ta lita ba ta kai naira 200 ba, shan manta bai taɓa damuna ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, balle da lita ta haura dubu a 2024, kowace safiya in na ja cok ina taka totur don ta yi ɗumi, ji nake kamar albashina nake ƙonawa. A cunkoson Kwangila allurar mai kana kallonta tana sauka. Da sanyin hunturu sai an lallashe ta kafin ta tashi, a watan Afrilu kuwa zafin inji ta ƙarƙashin ƙafa yake shigowa, in isa aji rigata a jiƙe ina warin fetur. Sitiyarinta ba mai taimaka maka, in za ka juya a lungu aikin damtse ne. Birki yana kamawa, amma sai ka ba shi labari tun daga nesa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda mota ke sauya wa mutum matsayi. Na tsaya sayen burodi a PZ sai wata ta ƙwanƙwasa ƙofa, "Mai mota, nawa za ka kai min buhu shida Sabon Gari?" Masu karɓar haraji a hanya, da katakonsu mai ƙusa, ba sa yarda cewa ba haya nake yi ba; na nuna katin aiki har na gaji. Uwargida ta daina shiga in za ta biki, keke napep take tarewa, ta ce ba za ta sauka a motar tumatir ƙawayenta na kallo ba. Kujerar ma mutum uku take ɗauka, mu kuwa mu biyar ne da yara. Ga aro: kujerun suna, ragon layya, ƙaurar haya, taki in damina ta faɗi. Kowa ya dawo da ita da "Allah ya saka" da tanki a bushe. Ɗaya ce ba na ƙorafi a kanta: in aka yi rasuwa a unguwarmu, ko ƙarfe nawa ne, ita ke kai makara maƙabarta. Wannan ko ba a roƙa ba ni nake fito da ita.

Ga amsata ga masu tambaya. In kana da gona ko kiwo, kana da wata 'yar motar ko babur na zirga-zirga, kuma ba ka ƙyamar baƙin mai a farce, saye ta. Buhu goma na masara ba ya ba ta tsoro. In kuwa ita kaɗai za ka dogara da ita ka isa ofis ƙarfe takwas da farar shadda, ka rufa wa kanka asiri. Ni kaina na fara adashen babur saboda ranakun makaranta.

Watan jiya wani mai sayar da katako ya taya ta da kuɗin da ya fi abin da na saye ta. Na ce ya dawo Asabar. Ranar Juma'a da yamma na wanke ta don ya same ta fes, ina goge bayanta na ci karo da inda sarƙar garmar nan ta kankare fenti. Da ya zo na sa yara suka ce masa na fita. Yanzu robar gilashin gaba nake nema, ta asali, kafin ruwan bana ya sauka.