Sharhi kan Stockfish: nazarin kurakurai a ƙarshen wasan bishof

Na daɗe ina amfani da injin Stockfish, wato manhajar kwamfuta mai lissafin wasan ces, wajen duba wasannin da na buga, galibi ta allon nazari na dandalin Lichess, kuma ɓangaren da na fi mayar da hankali a kai shi ne ƙarshen wasa, lokacin da babu abin da ya rage a allo sai sarakuna da bishof da sojoji. A nan ne ɗan wasa yake yawan zubar da nasarar da ya sha wahala kafin ya gina ta, ko kuwa canjaras ya kuɓuce masa ba tare da ya san a wane taku abin ya faru ba. Abin da na gani shi ne injin yana da matuƙar amfani wajen nuna inda wasa ya juya, amma lambar da yake bayarwa domin nuna wanda ke da rinjaye a allo tana iya ruɗar wanda bai san yadda ake karanta ta ba, kuma ruɗin ya fi tsanani a irin wannan ƙarshen wasa.

Stockfish ya fito a 2008, daga aikin Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski, kuma kyauta ne ga kowa. A 2020, da fitowar Stockfish 12, aka sanya masa tsarin auna matsayi da ake kira NNUE, wanda ya koyi hukunci daga ɗimbin matsayai maimakon dogaro kacokan da ƙa'idojin da mutane suka rubuta masa. Canjin da ya fi shafar mai nazari ya zo a ƙarshen 2022 tare da Stockfish 15.1. A da ana ɗaukar +1.00 a matsayin rinjayen soja ɗaya, amma daga wannan lokaci aka daidaita lambar ta yadda +1.00 ke nufin cewa injin, idan yana buga wasa da kansa, zai ci kusan rabin wasannin da suka taso daga wannan matsayi. Wanda har yanzu yake ƙirga sojoji da wannan lamba yana karanta ta da tsohon ma'auni.

Matsalar ta fi fitowa fili idan bishof ɗin ɓangarorin biyu suna tafiya a gidaje masu launi daban, ɗaya a farare ɗaya a baƙaƙe. A irin wannan matsayi mutum yana iya fin abokin karawarsa da soja ɗaya ko biyu amma wasan ya ƙare canjaras, domin mai tsaro yana kafa shinge a gidajen da bishof ɗin mai rinjaye ba zai taɓa isa ba. Sau da yawa, idan sojoji suna da yawa a allo kuma sun toshe wa juna hanya, na ga injin ya nuna rinjaye mai kyau, sannan lambar ta tsaya cak komai zurfin lissafin, takun da yake ba da shawara kuwa ba su wuce kai da komo na sarki da bishof ba. Lambar da ba ta motsi alhali zurfi yana ƙaruwa alama ce ta cewa mai tsaro ya gina ganuwar da ba ta fasuwa. Sababbin fitowar injin sun fi na baya gane wannan nesa ba kusa ba, sai dai babu inda manhajar take faɗa wa mai amfani da ita cewa ga abin da ke faruwa. Shi ne zai lura da kansa.

Ga misalin da nake ganin ya kamata kowane mai koyo ya ɗora a allo. Fari yana da sojoji a gidajen d5 da e5 (harafi da lamba su ne sunan kowane gida a allo) da bishof mai bin baƙaƙen gidaje, Baƙi kuma yana da sarki a d7 da bishof mai bin fararen gidaje. Idan bishof ɗin Baƙi yana f7, yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana tsare gidan e6 tare da sarkinsa, yana kuma kai wa sojan d5 hari, abin da ke ɗaure sarkin Fari a wurin gadi. Idan Fari ya tura soja zuwa e6, Baƙi zai ba da bishof ɗinsa ya kwashe sojojin biyu, wasa ya mutu. Idan ya tura zuwa d6, sojojin biyu sun koma baƙaƙen gidaje, Baƙi ya toshe su a farare. Abin da ya rage wa Baƙi shi ne ya riƙa kai bishof tsakanin f7 da g8. Amma da bishof ɗin yana bayan sojojin, a h3 misali, yana tsare e6 ba tare da ya taɓa d5 ba, sarkin Fari zai sami 'yancin zagayawa ya mara wa sojansa baya, kuma galibi a nan wasan yake lalacewa. Injin zai nuna bambancin nan take, 0.00 a ɗaya da babban rinjaye a ɗayan, amma dalilin, wato ɗaure sarki ta hanyar kai wa soja hari daga gaba, ba zai fito daga bakinsa ba. Ni ina ganin wannan ne babban giɓinsa a matsayin malami.

Inda ba ni da wani ƙorafi shi ne matsayan da 'ya'yan wasa ba su wuce bakwai ba, har da sarakunan biyu. A nan Lichess yana haɗa mai nazari da rumbun Syzygy, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, aka kuma kammala na 'ya'ya bakwai a 2018. Rumbun ba ya kintace, domin an riga an lissafa kowane matsayi har ƙarshe, kuma yana jera dukkan takun da ke akwai yana nuna wanda ke ci, wanda ke canjaras da wanda ke faɗuwa, tare da la'akari da dokar taku 50, wadda ke ba da damar neman canjaras idan kowane ɓangare ya yi taku 50 ba tare da an ci ɗa ko an tura soja ba. Da shi na fahimci ƙa'idar da Luigi Centurini ya tsara a ƙarni na 19 kan bishof da soja ɗaya a gaban bishof mai launi iri ɗaya, inda tsawon layukan karkace biyu da mai tsaro yake dogaro da su yake yanke hukunci: idan ɗayansu ya gaza gida huɗu, mai rinjaye yana iya korar bishof ɗin daga dogon layi ya kuma hana shi sakat a gajeren. Haka nan batun sojan gefe, inda Fari mai sojan layin h da bishof na fararen gidaje ba zai iya fitar da sarkin Baƙi daga h8 ba, tunda gidan baƙi ne.

Alamomin da nazarin kai tsaye yake liƙa wa taku, wato ?! (taku mai rauni) da ? (kuskure) da ?? (babban kuskure), su ne na fi yin taka-tsantsan da su. Ana sanya su ne gwargwadon yadda damar ci ta ragu a ma'aunin injin, kuma nazarin yana gudana cikin ɗan lokaci, saboda haka wani sa'in takun da ya tayar da hankali ne yake shan alama, alhali wanda ya kashe wasan ya wuce shiru. Wasan farko na gasar duniya ta 1972 a Reykjavik ya nuna yadda ido kansa yake yin wannan kuskure. Kowa ya tuna yadda Bobby Fischer ya ci sojan h2 da bishof a taku na 29, Boris Spassky ya rufe shi da tura soja zuwa g3, bishof ɗin ya salwanta. Duk da haka masu nazari sun nuna cewa bayan wannan taku akwai sauran hanyar canjaras, kuma a wasu takun da suka biyo baya ne aka rasa ta. Tambayar da ta dace a kowane taku ita ce ko sakamakon ya sauya daga ci zuwa canjaras, ko daga canjaras zuwa faɗuwa. Saukar lamba daga +6 zuwa +4 ba ta da wani muhimmanci, amma sauka daga +2.5 zuwa +0.4 tana bukatar a zauna a kanta.

Akwai kuma taku irin na Alexei Shirov a wasansa da Veselin Topalov a Linares a 1998, inda ya miƙa bishof ɗinsa kyauta a h3 a taku na 47 domin kawai sarkinsa ya riga na abokin karawa shiga tsakiyar allo. Injinan da suka gabata sun daɗe suna shan wahala kafin su gano shi. Ina ambatonsa ne domin shawarar farko da injin ya fitar cikin daƙiƙa biyu ba lallai ta zama ta ƙarshe ba, musamman a wayar hannu da ba ta da ƙarfin lissafi sosai.

Hanyar da ta fi yi mini amfani ita ce in fara bin wasan da injin a kashe, in rubuta inda nake zaton ya juya da shirin da nake ganin ya dace, sannan in kunna shi yana nuna shawarwarinsa uku mafi kyau domin in ga ko taku ɗaya tak ne ke riƙe da matsayin ko kuwa hanyoyi suna da yawa. Bayan haka sai in ɗauki matsayin da ya ce na ci ne in buga shi da injin, domin yana tsaro da taurin kai irin wanda ba kasafai ake samu a wurin mutum ba, kuma idan ban san shirin ba nan da nan rinjayen yake narkewa. Ina ba da shawarar Stockfish ga duk wanda ya riga ya san ƙa'idojin farko na waɗannan matsayai kuma yana son ya gwada fahimtarsa. Sabon shiga kuwa ya fi kyau ya fara da matsayan 'ya'ya biyar ko shida a rumbun Syzygy, tare da malami ko littafin ƙarshen wasa da zai bayyana masa dalilin kowane taku, kafin ya koma ga wasannin da sojoji suka cika allo.