Kayan gwajin lilo na ɗakin kimiyya: ƙwallon ya yi, matsalar a mariƙin zare take

Kayan da na saya a Sabon Gari sun ƙunshi sandar ƙarfe mai gindi, mariƙi, toshiyar kwalba da aka tsaga biyu don ta matse zaren a cikin mariƙin, ƙwallon tagulla mai giram 100, zare da ma'aunin kusurwa. Na gwada su a ƙaramin lilo da kuma babba.

A ƙaramin lilo, irin wanda ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, ba su da laifi. Zare mita 1, kusurwa ƙasa da digiri 10, zuwa da dawowa 20 ya ci kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 kowane ɗaya. A kashe fanka kawai, a rufe taga in hunturu ne.

Sai an zo nuna wa ɗalibai yadda kuzari ke sauya kama ake ganin gazawarsu. A ja ƙwallon zuwa digiri 60, ya ɗagu da rabin mita. In an sake shi, kuzarin tsayin nan ya koma na gudu, ya ratsa ƙasa da kusan mita 3.1 a daƙiƙa. A wannan gaɓar zaren na ɗauke da nauyin ƙwallon, ga kuma aikin karkatar da shi ya bi da'ira. Jan da yake sha ya zama ninki biyu na nauyin, kusan niyuton 2 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja), alhali a can gefe rabin nauyin ne kacal. Daga digiri 90 kuwa ninki uku ne, kuma tsawon zare bai canza wannan lissafi.

Toshiyar ba ta jure haka. Duk ratsawa ta ƙasa sai zaren ya ɗan zame, tsawonsa ya ƙaru. Gindin ma ba nauyi, sandar na rawa tana shanye kuzarin, sai ƙwallon ya kasa komawa inda ya taso, yara su ɗora wa iska laifin da ba nata kaɗai ba.

Gyaran ba tsada: a matse gindin a jikin tebur ko a ɗora masa bulo, a maƙale zaren tsakanin ƙananan katako biyu, a sauya shi da na ɗinkin takalmi, wanda ba ya miƙewa sosai. Tsawo kuma daga bakin mariƙi zuwa tsakiyar ƙwallo ake aunawa, ba zuwa ƙugiyarsa ba.

Don shirin jarrabawa a saya. Mai son babban lilo ya nemi gindi mai nauyi tun a shago.