Tagar alminiyon ko ta roba mai gilashi biyu? Amsa ga mai gini a Badariya

Malam, sannu da hidimar gini, Allah ya sa a shiga lafiya. Ka ce aikinka a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya kai linta, mai alminiyon ya zo ya yi awo ya ba ka farashin tagogi masu zugewa, sai ƙanenka da ke Abuja ya ce kada ka kuskura, ka sa na roba masu gilashi biyu irin na Turai, wai su ne ke hana zafi shiga. Kana son sanin wadda ta fi, da ko tsadar ta biyun za ta fanshi kanta.

Ni ba injiniya ba ne. Gini ɗaya na taɓa yi, kuma a kan taga na sha kashi, shi ya sa na zauna na bi lissafin daga baya.

Falona yana kallon yamma. Na sa aka yi masa manyan tagogi biyu masu zugewa, gilashi mai duhu, don in an shigo layin a san an yi gini. Mai aikin har cewa ya yi, "Alhaji, wagga taga ko rana ta tsaya bisa kanta ba ka jin komi." Bazarar farko, in an sallame la'asar, ba mai iya ɗora tafin hannu a kan gilashin ya ƙirga goma. Labulen kansa ɗumi yake yi kamar an sauke shi daga guga. Yara suka mayar da zaure wurin zama, falon da na kashe wa kuɗi ya koma ɗakin ajiye kujeru har sai bayan isha'i.

Zafi ta hanya uku yake bi ta taga. Akwai hasken rana da ke ratsa gilashi kai tsaye, akwai zafin iskar waje da ke bin jikin gilashi da firam yana shigowa a hankali, sai kuma iskar da ke kurɗawa ta kafofi. Gilashi biyu, wato falle biyu da aka like da iska ko gas a tsakaninsu, maganin hanya ta biyu ne. Mu kuwa a Birnin Kebbi ta farkon ce ke gasa mu.

Ga lissafin. Ɗauki taga mai ƙafa 4 tsawo, ƙafa 4 faɗi, kusan murabba'in mita ɗaya da rabi ke nan. A ce rana ce ta Afrilu, waje digiri 43, ɗaki kuma esi ta riƙe shi a 25. Zafin da zai bi jikin gilashi falle ɗaya ya shigo wajen wat 150 ne. In falle biyu ne, ya ragu zuwa kusan 75. To amma bari rana ta karkata ta dubi tagar nan ido da ido. Farin gilashi yana barin sama da kashi 80 cikin ɗari na zafinta ya wuce, abin da zai kai wat 700 ta taga ɗaya, kusan kamar ka jona dutsen guga ka bar shi a tsakar ɗaki. Farin gilashi mai falle biyu kuma bai rage wannan da wani abin kirki ba, sama da kashi 70 yana wucewa. Esi mai ƙarfin doki ɗaya zafin da take iya kwashewa wajen wat 2,600 ne. Tagogi biyu irin wannan a yamma sun cinye fiye da rabin ƙarfinta tun kafin a zo kan rufi, bango da jikin mutane.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai maganin da ya kawo na wata cuta ce. A Ingila ko Jamus wata da watanni ake hura ɗumi a cikin gida, babban abin tsoronsu kada ɗumin ya tsere, in rana ta leƙo ta taga ma murna suke yi. Shi ya sa ko gilashin da ake shafa wa siririn sinadari mai mayar da zafi iri biyu ne: akwai na ƙasashen sanyi mai barin zafin rana ya shiga ya tsare shi a ciki, akwai na ƙasashen zafi mai korar sa tun daga waje. A ido kusan ɗaya suke. In za ka saya, ka ce a nuna maka lambar SHGC a takardar gilashin, wato lambar da ke nuna kason zafin rana da gilashin ke barin ya wuce. Farin gilashi yana sama da 0.8, kai kuma ƙasa da 0.4 kake nema. Dillalin da ya fara kame-kame a kan wannan lambar, ka riƙe kuɗinka.

A wajen firam, roba ta yi wa alminiyon fintinkau. Alminiyon yana ɗaukar zafi ya miƙa shi kusan ninki dubu fiye da roba irin ta uPVC ko katako. Amma firam ɗan yanki ne na taga, kada a tsorata ka da wannan. Inda na ga tagar roba ta cancanci kuɗinta shi ne rufuwa. Tana da zagayen roba mai laushi, in ka murɗa hannun sai marfin ya matse ruf, ba iska, ba ƙura, har ƙarar babura tana raguwa. Mai zugewa kuwa dole a bar mata ɗan sarari don ta yi gudu a kan layinta, sai a toshe sararin da wani siririn buroshi. Hunturu biyu buroshin nawa ya yi ya kwanta. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk safiya sai ka ga ƙura ta yi layi ja a bakin taga, uwargida tana bin kwarin layin da tsohon buroshin haƙori, tayoyin suna ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Duk kafar da ƙura ta bi ta shigo, ta nan sanyin esi yake bi ya fita.

Ita ma robar tana da nata. In ba mai kyau ba ce, ranarmu tana mayar da ita ruwan ɗorawa, ta bushe ta fara tsagewa, kuma in babu ƙarfe a cikin firam ɗin sai ta lanƙwashe marfi ya ƙi shiga. Gilashi biyu ba a yanka shi a bakin titi, a masana'anta ake haɗa shi bisa awo. Ranar da ƙwallon yara ta same shi, sai an yi odar wani an jira mota. In likin gefensa ya saki, raɓa ta shiga tsakanin fallayen, ya yi hazo ke nan har abada, ba hannun da zai kai wurin ya goge. Alminiyon kuwa ko a Jega ko Argungu ka samu mai canza maka gilashi kafin azahar, ba ya tsatsa, gara ba ta san da shi ba.

Akwai abin da masu tallar tagogin Turai ba sa kawowa a lissafi, wato daren da aka ɗauke wuta. Ƙarfe biyu na dare a watan Mayu, fanka ta tsaya, batir ya mutu, abin da kake nema a lokacin iska ce. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, komai girmanta, ragar sauro kuma ta ƙara rage abin da ya saura, kuma ka san da fadamar shinkafa a gefenmu ba mai kwana babu raga. Mai marfi irin na ƙofa, wadda masu aikin ke kira kesmen, kusan duka take buɗuwa, marfin ma yana taro iskar da ke bin jikin bango ya turo ta ciki. Ana yin ta da alminiyon, ana kuma sa mata zagayen roba. Don haka zaɓin ba tsakanin abu biyu kawai yake ba. Da yau zan sake gini, kesmen ta alminiyon mai kauri zan sa a yawancin ɗakuna, tagogi biyu a bango daban-daban don iska ta samu mashiga da mafita.

Sauran nau'in taga biyu, luba da ta ƙarfe, ba sai na ja ba. Luba, mai jerin ƙananan fallayen gilashi, ta fi kowa ba da iska, ta fi kowa shigo da ƙura, wurinta kicin da banɗaki. Tagar ƙarfe ta mai walda tana da araha da tsaro, amma da rana tanda ce, a bar wa sito.

Gilashi mai duhu, irin wanda ya rufta da ni, yana rage haske sosai amma zafi kaɗan yake ragewa, don shanye shi yake yi ya yi zafi da kansa, sannan ya huro wani kaso cikin ɗaki. Mai madubi ya fi shi korar rana. Sai dai ka faɗa wa iyali gaskiya: da rana ne na waje ba ya ganin ciki. Dare na yi aka kunna fitila abin ya juye, na titi yana kallon ɗaki tar, na ciki yana ganin fuskarsa. Gidan da ke da mata, labule bai zama tarihi ba.

Abin da ya gyara falona bai kai kuɗin taga ɗaya ba. Rumfa na sa aka fitar ta yamma, na rataya asabari a bakinta, ana sakinsa bayan azahar a naɗe da magariba, na kuma dasa dogonyaro biyu da ɗan nisa daga tushen gini. Labule yana tare rana ne bayan ta riga ta shigo, asabari kuwa a waje yake tare ta. Kakanninmu da ke gina soro mai kaurin bango da 'yar taga can sama ba rashin son haske ne ya sa su ba. Ko ƙa'idar gini mai tsimin makamashi da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 cewa ta yi kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, in za su wuce a yi musu inuwa.

Mu da ke wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar kanmu a ƙarshen Afrilu, ta sake bi a Agusta. Saboda haka tagogin kudu da arewa ba su da wahala, ɗan baranda mai fitowa ƙafa 2 a samansu ya tare mafi yawan ranar tsaka. Gabas da yamma ne rana ke zuwa a kwance, ta bi ta ƙarƙashin baranda ta shiga. Gabas kuma ga ruwan damina, don hadarinmu daga can yake tasowa da iska, taga mai zugewa in ramukan zubar ruwanta sun toshe da ƙura sai ka ga ruwa yana bin bango ta ciki. Tunda ba a yi filasta ba, har yanzu kana da damar sa birkila ya ƙara bulo layi ɗaya ko biyu ya rage bakin tagogin yamma. Wannan gyaran yau kuɗin bulo ne, bayan fenti kuwa sai an fasa.

To ina gilashi biyu zai yi maka rana? A ɗakin da esi za ta kwana tana aiki. In layin wutarku na rukunin A ne, wato wanda aka fi ba wuta kuma ya fi tsada, ka tuna tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 lissafi ya canza, in kuma sola ce, duk wat ɗin da ka hana shigowa ragin batir ne da faranti. Ɗakin kwananka, ko na Hajiya in tana tare da ku kuma zafi yana wahalar da ita, nan ka sa ta roba mai falle biyu, gilashin mai korar rana, ka tsaya a kan mai aikin ya cike tsakanin firam da bango da gam, kada ya cusa takardar siminti ya shafe. Ɗakin yara, falo da ɗakin baƙi da fanka kawai za su gani, taga a buɗe za ta wuni, gilashi biyu a buɗaɗɗiyar taga kuwa ado ne. Rarar kuɗin ka kai ta sama: kwanon rufi ya fi duk tagogin gidan shan rana, in silin ba shi da abin tare zafi a bayansa, duk wannan magana a banza muke yin ta.

Kafin ka ba kowa kafin alƙalami, ka je wurin ginin ranar Juma'a da misalin ƙarfe huɗu, ka shiga ɗaki ɗaki, ka sa alli ka yi alama a duk bakin tagar da rana ta zubo ta cikinsa har ƙasa. Ka turo mini yawansu da girmansu, da ɗakunan da za ka sa wa esi, sai mu ga wanne za a rage, wanne za a yi wa rumfa.