Jakar gel ko koren wake na firiza bayan tiyatar gwiwa?

Gaskiya jakar gel ɗin nan ta kemis ta fi min. Koren waken ma ba laifi, yana kwanciya luf a gwiwa ya bi ko'ina, amma kafin ka ankara ya fara narkewa ruwa na ɗiga a zanin gado, kuma in ya narke aka mayar firiza to fa ya tashi daga na ci, asarar abinci kawai. Gel kuwa ko ya yi sanyi ƙarara yana lanƙwasuwa. Ku sayi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a firiza, balle da wutar nan tamu. Don Allah a naɗe shi da tawul, minti 15 zuwa 20 ya isa, kuma kar ɗinkin ya jiƙe.