Ofishin masu haɗa dosiyen tallafi a Garwa, abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa masu ƙananan sana'a. Akwai wani ɗan ofishi a wajen Rumde Ajiya, wata baiwar Allah ce da ƙaninta suke riƙe da shi, aikinsu haɗa wa mutane dosiye, wato tarin takardun da ake miƙawa, in za su nemi tallafi a meri (ofishin ƙaramar hukuma) ko a ma'aikatu. Mu ƙungiyar mata ce masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, injin markaɗe muke nema, to mun bi ta hannunsu kuma ina ganin ya kamata in faɗi yadda aikinsu yake.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, tun kafin mu zauna Hajiyar ta ce mana ita ba ta raba kuɗi kuma ba ta san kowa a sama ba, takarda kawai take gyarawa. Wallahi wannan maganar ta fi min komai, don mun sha ganin masu zuwa unguwa su ce a kawo jaka biyar biyar a sa sunanka a lis, daga nan shiru kake ji.

Sai ta yi mana bayani dalla-dalla da Hausa, tana haɗawa da Fulatanci saboda biyu daga cikinmu. Ta ce tun dokar da Kamaru ta yi a Disamba 2019 an ƙara wa ƙananan hukumomi iko kan harkar raya tattalin arzikin gari, kuma ma'aikatar ƙananan masana'antu MINPMEESA tana tura wasu kuɗi ta hannun meri don masu sana'ar hannu da ƙungiyoyi, amma ba a ba mutum haka kawai don ya zo ya ce yana da sana'a, dole sai an ga takardar GIC ɗinku, wato rajistar ƙungiyar masu sana'a, ko ta kwaperatif, da lambar NIU ta haraji, da kwafin katin ɗan ƙasa, da zanen inda kuke aiki, da faktir daga mai sayar da injin da zai nuna kuɗinsa. Garwa meri uku ne na unguwanni, Garwa 1 da 2 da 3, kowa inda yake zaune can zai kai, wannan ma ita ta ankarar da mu. Wanda yake son buɗe kamfani sosai kuma CFCE, ofishin rajistar kamfanoni, take tura shi, matashi mai neman horo ta ce ya leƙa FNE, hukumar samar da aikin yi, ba ta riƙe mutum don ta ci kuɗinsa.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne lissafi. Ƙanin ya zauna da mu ya tambayi nawa muke sayen buhun gyaɗa, nawa ke tafiya wajen mai inji, lita nawa ke fita, ya rubuta da Faransanci mai kyau sannan ya karanta mana ya fassara layi layi kafin shugabarmu ta sa hannu. Mun so a ƙara adadin don ya yi kauri, ya ce a'a Inna, in aka zo duba wurin aka ga ba haka ba ke za ki ji kunya.

Amma fa akwai gyara. Waya ba sa ɗauka da wuri, sai ka kira ka gaji ka hau mashin ka je da kanka cikin zafin nan na Garwa, ga wurin ƙarami benci ɗaya, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya tunda kwamfuta ɗaya ce. Sannan kuɗin aikinsu ba a rubuce yake a bango ba, da baki ake faɗa, kuma kuɗin tambur da fotokofi daban ne ba su faɗa mana tun farko ba, ya kamata su gyara wannan don mai ƙaramin jari da lissafi yake fitowa daga gida.

Dosiyenmu dai ya shiga, an buga mana kashe, wato hatimi, a kwafinmu muna riƙe da shi, yanzu jira muke. In za ku je ku tafi da safe, ku riƙe asalin takardunku a hannu ku ba su kwafi kawai, kuma ku nemi rasit na duk abin da kuka biya.