Madubin radar: wanne ya dace da ƙasar Bauchi da Gombe?

Mai auna ƙasa da zai sa ido kan gangar madatsar Dadin Kowa ko bakin kwazazzaban Gombe ta hotunan tauraron ɗan'adam, sai ya tanadi madubin radar. Faifan ƙarfe uku ne da aka haɗa kamar kusurwar ɗaki, suna mayar wa tauraro igiyar rediyon da na'urarsa ta radar ta aiko, wurin ya fito fari tas a hoto. Da shi ake gwada ingancin na'urar tauraron, da shi ake gane ko ƙasa ta motsa.

Fara da tambayar tauraron da za ka bi. Sentinel-1 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, tsawon igiyarsa kusan santimita 5.6 ne, madubi mai mita 1.5 ya ishe shi. NISAR na Amurka da Indiya, na 2025, igiyarsa ta kai santimita 24, shi kam sai mita 2.4 ko fiye. Kada a yi rowar girma: in ka ninka tsawon gefe, ƙarfin abin da yake mayarwa ninki 16 yake yi.

Madubi mai faifai murabba'i ya fi mai faifai masu kusurwa uku ƙarfi sau tara, kuma nan ne ido ke ruɗuwa. Ni dai mai kusurwa uku nake zaɓa. Bakin na murabba'i a sake yake, iskar farkon damina, irin mai yaye kwanon ɗaki, tana iya lanƙwasa shi, kuma da zarar haɗin faifan ya kauce daga digiri 90, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Mai kusurwa uku yana riƙe kansa, yana kuma yafe ɗan kuskuren saiti.

Alminiyom ba ya tsatsa, ba nauyi, sai dai idon 'yan jari bola yana kansa. Shinge da mai gadi su shiga lissafi tun farko, shingen kuma a nesanta shi kada ya shiga hoto. Nemi faifai mai ƙananan huji da rami a can gindi, ruwa ya zurare, ƙurar hunturu ta samu mafita. Na taɓa leƙa wani mara rami, na tarar da laka da busasshen ganye har da sheƙar tsuntsu a daidai kusurwar. Haɗin noti ya fi walda, don zafin walda na murɗe faifai.

Akwai na lantarki, ƙarami, amma yana son batir da sola da mai gyara a kusa.

Gindi fa? A Toro ta jihar Bauchi, inda cibiyar nazarin motsin ƙasa ta NASRDA (hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya) take, dutse ba ya wuya, a kafa a kansa. A baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, sai an zurfafa kankare, in ba haka ba motsin gindin za ka auna kana zaton na ƙasa ne. Duk ziyara ka riƙe sikwaya da kamfas da tsintsiya, ka rubuta ranar da ka taɓa ko da noti ɗaya.